Tsundum, Ɓas da Tsit

Har yau in na tuna da bikin ƙarshen shekarar nan sai in ji raina ya ɓaci. Mutane suna ce mini abin bai kai ya kawo ba, ai ba a daki kowa ba, ba a kulle kowa ba. Na sani. A shekarun da soja ke riƙe da ƙasa an ga abin da ya fi wannan nesa ba kusa ba. Amma ni wannan aka yi a gaban idona, kuma ƴan ajina aka yi wa.

Lokacin ina koyar da Faransanci a wata kwaleji a Gaya. Shekarar ce aka rufe gadar da ta haɗa mu da Benin, aka jibge kwantenoni a kanta, wutar kuran da ke zo mana daga Najeriya ma aka yanke. Garin da kunne ya saba da gurnanin kamiyo, manyan motocin kaya, ya yi sanyi. Rabin ƴan ajina daga gadar nan ake ci da su. Wani ubansa direba, wani ɗan dako, wata uwarta na sayar wa matafiya abinci. Yara suka riƙa zuwa lekwal jiki ba ƙwari, ina magana suna kallon taga.

Wata safiya muka zo darasin kalmomin da ke kwaikwayon sauti. Na rubuta misalin littafi a allo, na ce in abu ya faɗa ruwa, Bafaranshe cewa yake yi *plouf*. Akwai wani dogon yaro ɗan masunta daga Tunuga da ke zama can baya, wanda tun farkon shekara ban taɓa ganin ya ɗaga hannu ba. Ranar ya ɗaga.

"Madam, wannan ruwan ƙasarsu ne ko?"

Na ce, "Me ka gani?"

Ya ce, "Namu ba ya faɗin haka. In dutse ne, tsundum. In mutum ne ya faɗo daga jirgi, tinjim. In kifi ne ya buga wutsiya, facal."

Aji ya kwashe da dariya, kafin in ankara kowa na jefo tasa. Tsuntsu ya tashi fir. Ƙwarya ta fashe ɓas. Buhu ya faɗo tim. Kara ya karye ƙwas. Masu jin Dendi a gida suka ce ƙarya ne, su ba haka ƙwarya ke fashewa ba, wata Bafulatana ta ce duk ba su iya ji ba. Ya kamata in tsawata, don darasin Faransanci muke. Ban tsawata ba. Na daɗe rabon da in ga ajin nan da rai, sai na juya ina rubuta duk abin da aka faɗa har allo ya cika.

Ƙanena da ke Yamai ya taɓa nuna mini a hutu yadda ake sa zane ya yi motsi da salula. Ka ɗauki hoton abu, ka ɗan gusa shi, ka sake ɗauka, haka haka, sannan wata manhaja ta jera hotunan su gudu kamar fim. Washegari na ce wa yaran kowane rukuni ya zaɓi kalma guda, mu yi mata ɗan gajeren fim. Sharaɗi biyu na sa, kalmar da kanta za ta yi abin da take faɗa, kuma da bakinsu za su yi sautin.

Kayan aikinmu ba wasu ba ne. Akwai karyayyen tebur mai rami a tsakiya da aka jefar bayan aji, muka kwantar da salulata a kan ramin, idonta na kallon ƙasa, takarda a ƙarƙashi. Haruffa muka yanka daga kwalin sukari. Wasu suka kawo laka daga bakin kogi, wasu buntun shinkafa, wasu gero. Caji kuwa sai an kai salular wurin mai pano, faifan nan mai ɗaukar wuta daga rana, a kasuwa, don haka in batir ya mutu aiki ya tsaya sai gobe. Muna yi ne bayan an tashi, da la'asar, kuma babu wanda na tilasta wa zama. Korarsu nake yi su tafi gida.

Aikin na son haƙuri, yaran ba su da shi da farko. Wani zai ture teburin da gwiwa, komai ya karkace, a sake daga tushe, a yi ta zage-zage. Iska ta taɓa kwashe mana haruffan *fir* gaba ɗaya ta taga, yaran suka ce ai kalmar ce ta yi aikinta. Ɗaukar murya ta fi komai wuya, don makarantar ba ta rabo da kukan awaki da ƙarar kabu-kabu. Daga ƙarshe sai mai yin sauti ya lulluɓa da mayafina, shi da salular, ya yi a ciki. Ka ga ƙaton yaro a tsugune cikin mayafin mace yana cewa "tsundum" da iyakar gaskiyarsa, sauran sun toshe baki kada dariyarsu ta shiga.

Ranar da muka kalli na farko ba zan manta ba. Haruffan *tsundum* suka gangaro daga saman takarda, suka nutse cikin shuɗin alli, buntun shinkafa ya fantsama kamar ruwa, muryar ɗan Tunuga ta fito daidai lokacin. Yaran suka yi ihu har mai gadi ya leƙo.

Akwai wata yarinya ƙarama, ɗiyar wani ɗan dako, da ba ta shiga kowane rukuni ba. Ba ta da surutu, amma hannunta na da kyau a zane. Da na tambaye ta kalmarta sai ta ce, "Tsit."

Na ce, "Ɗiyata, tsit ai ba sauti ba ne. Rashinsa ne."

Ta ce, "Madam, ana jin sa. Ki je gada ki ji."

Na bar ta ta yi. Ta zana gadar da kogin a ƙarƙashi, ta yanka ƙananan kamiyo ta jera su a kai, da masu talla, da ƴan dako. Ta roƙi ajin duka su yi mata hayaniya, wasu na gurnanin inji, wasu na oda, wasu na kiran ruwan sanyi da ƙosai. Sannan ta riƙa ɗauke motocin ɗaya bayan ɗaya, duk wadda ta ɗauke, murya guda ta ɗauke tare da ita. Da gadar ta zama wayam, sai haruffan *tsit* suka taru a hankali daga rairayi, suka zauna a tsakiya. Ba a jin komai. Can wata akuya ta kwali ta shigo ta kwanta. Shi ke nan fim ɗin. Da muka kalla babu wanda ya yi ihu, ɗan Tunuga ne kawai ya ce, "Wallahi haka yake."

Labari ya kai kunnen daraktanmu. Dattijo ne mai fara'a, kullum cikin farar riga, ba mugu ba ne a yadda aka san mugunta. Ya zo ya kalli fina-finan duka a tsaye, yana ta jinjina kai.

Ya ce, "Madam, wannan ai abin nuna wa duniya ne! Za mu haska su a bikin ƙarshen shekara. Na gayyaci babban sojan da ke garin nan, zai zo da kansa. Ki tura mini su in ba ɗan ƙanena ya haɗa su wuri guda a na'urar ordinate."

Na tura masa da murna. Na gaya wa yara, su kuma suka gaya wa iyayensu. Ɗan Tunuga ya aika gida, kakarsa ta ce ko da rarrafe sai ta zo. Yarinyar nan mai *tsit* ta ce babanta zai bar aiki ranar. Tun da aka rufe gada ya koma dakon kaya zuwa bakin jiragen ruwa masu tsallaka mutane, aikin da in ka tashi wani ya maye wurinka.

Ranar biki aka share babban ɗakin taro, aka toshe tagogi da tabarmi don hoto ya fito, aka aro janareta da babbar lasifika. Iyaye suka cika benci tun bayan azahar. Zafi ya yi zafi, jarirai na kuka, ana ta fifita da kwali. Baƙon bai iso ba sai da la'asar ta yi sanyi. Matashi ne ma, ya shigo da masu tsaronsa, aka miƙe, ya zauna a kujerar gaba ya fito da salularsa.

Darakta ya hau ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce lokaci ya yi da za mu daraja harsunanmu, mu daina raina abin da muka gada, mu bar yaranmu su yi magana da bakin iyayensu. Duk da Faransanci ya faɗi wannan. Iyayen da ke zaune, waɗanda yawancinsu ba su ji ko kalma ba, suka tafa da suka ga ana tafawa.

Aka kashe fitila, hoto ya hau bango. Abu na farko da ya fito shi ne sunan makaranta da sunan darakta, manya-manya, da tuta a baya. Sunayen yaran da muka rubuta da alli a farkon kowane fim babu ko ɗaya. Ban gama haɗiye wannan ba sai lasifika ta ɓarke da kiɗan faretin soja, ganga da kakaki, har ƙirji na girgiza. Haruffan *tsundum* suka gangaro, suka nutse, buntun shinkafa ya fantsama, babu muryar ɗan Tunuga. An cire ta. An cire muryar kowa. *Fir* ya tashi cikin kiɗan fareti, *facal* ya yi tsalle cikin kiɗan fareti, *ƙwas* ya karye cikin kiɗan fareti. Iyaye na kallon haruffan boko suna yawo a bango, ba su san me ake nufi ba, don abin da zai gaya musu shi ne aka yanke. Na ji wata tsohuwa a bayana na tambaya, "To ina muryar jikan nawa? Ya ce zan ji shi."

Na waiga wurin ƴan ajina. Suna tsaye jikin bango cikin wankakkun kaya, ni suke kallo, ba fim ba.

Na yi ta jiran *ɓas*, bai zo ba. Na jira *tsit*, sai ga tutar nan ta dawo, kiɗa ya tsaya, aka kunna fitila. Shi kuwa wanda aka yi duk wannan dominsa, tun tsakiyar nunin aka kira shi a waya, ya fita da hannu a kunne, bai dawo ba. Iya zaman da ya yi ma ban ga ya ɗaga kai ya dubi bango ba.

Ban jira an gama raba kyaututtuka ba. Na tare darakta a baranda, yana share zufa.

Na ce, "Malam Darakta, ina muryoyin yarana?"

Ya ce, "Madam, yi a hankali, akwai mutane."

"Don mutanen nake tambaya. Ina muryoyin?"

Ya ja ni gefe ya rage murya. "Ki yi tunani. Babban mutum na zaune, sai a cika masa kunne da ihun yara cikin lasifika? Ai raini ne. Kiɗan nan ya fi dacewa da zamanin da muke ciki."

"Fim ɗin sauti ne fa! Sautin shi ne darasin. Me ya rage in an cire shi?"

"Hoton ya yi kyau, kowa ya yaba."

"To *ɓas* fa? Ƙwarya ce ta fashe."

"A lasifika kamar harbi yake. Kina so masu tsaronsa su zabura?"

"*Tsit* kuma wa zai zaburar? Ko ƙara babu a ƙarshensa."

Nan fara'arsa ta ɗauke. Ya ce, "Wannan kam kin fi ni sanin abin da yake faɗa. Gada ce. Wa ya rufe ta? A nuna wa soja gada babu mota, a ce masa tsit? Gobe a ce makarantata na sukar gwamnati. Ni na kusa ritaya, Madam. Ke ma kina da iyali."

Na ce, "Wa ya ce a cire? Shi ne ya aiko? An nuna masa ya ƙi?"

Ya ce, "Babu wanda ya ce. Ni ba na jira sai an ce."

Wannan maganar ce ta tsaya mini a rai har yau. Da a ce soja ne ya zo da bindiga ya ce a kashe, da na san da wa nake fushi, da na gaya wa yaran an fi ƙarfinmu. Amma babu wanda ya tsorata shi. Shi ya zauna a ofishinsa ya ƙirƙiro fushin mutumin da bai ma san ana yi ba, ya toshe bakin yara don ya kwantar da shi. Kuma ya san da hakan tun kwanaki, yana gaishe ni kowace safiya, yana tambayar yara ko sun gayyaci iyayensu. Ko mu ce tsoro ne ya cire gadar. Sunayen yaran fa? Su ma harbi suke yi a lasifika? Na tambaye shi wannan, ya ce lokaci ne ya yi kaɗan, ya juya ya koma ciki.

Ina tsaye a nan sai ga wani mutum ya matso, siriri, kafaɗarsa guda ta ɗan karkace irin ta masu ɗaukar kaya. Ya sa babbar riga da alama ta Juma'a ce. Yarinyar nan mai *tsit* na bayansa, kanta a ƙasa. Ya gaishe ni da ladabi har da rusunawa.

Ya ce, "Malama, ni ne baban wannan. Ta ce ta yi wani abu za a nuna. Na duba ban gane nata ba, ni ban yi lekwal ba. Wanne ne a ciki?"

Yarinyar ba ta gaya masa ba. Ta bar shi yana zaton shi ne bai iya gani ba. Na ce, "Baba, ba a nuna ba. Ba laifinta ba ne, nata ya fi na kowa. Gobe in Allah ya kai mu zan kawo maka shi har inda kake."

Ya ce, "To, ba komai. Allah ya kai mu." Ya sake rusunawa. Wannan "ba komai" ya fi mini zafi a kan da zagina ya yi.

Washegari da hantsi na hau kabu-kabu zuwa bakin kogi inda jirage ke lodi. Yarinyar ta riga ni, ɗan Tunuga da kakarsa ma sun zo, don a nan za su sami mai mayar da su gida. Ƴan ajin da suka ji labari suka biyo. Muka zauna a inuwar wata bishiya, buhunan albasa a gefe, na ɗora salular a kan gwiwata, mutane suka sunkuyo. Hoton bai fi tafin hannu ba, rana na haske shi, sai an kare da mayafi.

Na fara da *tsundum*. Muryar yaron na fita tsohuwar ta dafe ƙirji ta ce, "Shi ne! Wallahi shi ne, ja'iri!" Ta sa aka maimaita mata har sai da jikan ya ji kunya ya koma bayan bishiya. Ƴan dako suka ajiye kaya suka taru. *Ɓas* ya ba su dariya, babu wanda ya zabura.

Sannan na sa na yarinyar. Da hayaniyar gada ta tashi, mutanen suka fara murmushi, wani ya ce ga mai ruwan sanyi nan. Motoci suka fara ɓacewa, murmushin ya tafi. Da rairayi ya haɗu ya zama kalma, uban ya tambayi ɗiyarsa me aka rubuta, ta gaya masa. Ya daɗe yana kallon akuyar nan a kwance. Ya ce, "Ke kika yi wannan da hannunki?" Ta ce e. Ya ce a sake sawa. Aka sake. Sai wani mai jirgi ya ƙwala masa kira, ya miƙe, ya dafa kan yarinyar, ya ɗauki buhunsa ya gangara.

Fim ɗin darakta, mai kiɗan fareti, shi aka aika Doso, babban birnin jiharmu, a matsayin aikin makarantarmu. Aka yaba masa a wani taron daraktoci, ya dawo yana ba mu labari a ɗakin malamai, har yana cewa in taya shi murna, ai aikinmu ne tare. Na tashi na fita.

Da aka dawo hutu yarinyar ba ta dawo ba. Dako ya ƙi, uban ya kwashe iyalinsa sun koma ƙauyensu wajen Karakara noma. Na tambayi ko ta ci gaba da lekwal a can, babu wanda ya iya gaya mini.

A makon farko darakta ya kira ni ofis, ya sa aka kawo mini ruwan sanyi. Ya ce bana ma yana so a yi fina-finan, an ce sun burge. Sai dai in taimaka in zaɓa wa yara kalmomi masu daɗi, na farin ciki, in kawo masa ya duba kafin a fara.

Na ce, "Ranka ya daɗe, yara ne ke zaɓen kalmominsu, ba ni ba."

Ya ce, "To ki nuna musu hanya mana."

Na ce masa salulata ta tsufa, ba ta ɗaukar hoto sosai. Ya dube ta a hannuna, ya san lafiyarta ƙalau, ni ma na san ya sani. Ya ce Allah ya hore wata. Na ce amin, na tafi aji. Mun yi fina-finanmu a shekarar, bayan an tashi, mun rufe ƙofa, kuma duk wanda aka gama sai in tura shi kai tsaye wayar iyayen mai shi. Ofis bai ga ko ɗaya ba.